Kaskar Da Na Raina

Da sunan Allah nake buɗe bakina, Shi da Ya karkatar da shi a lokacin da Ya so, Ya kuma miƙar da shi a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da iyalansa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Shugaban wannan zama, dattijonmu Alhaji Gwadabe, wanda ya riga mafi yawanmu shan ruwan Jidda. Limaminmu Malam Othman, wanda ke ɗaura mana aure, yake raɗa wa 'ya'yanmu suna, yake sallatar mamatanmu. Dattawan Nuzla, masu masaukinmu a yau. 'Yan'uwanmu na Mahjar, da kuka taso daga wuraren aiki ko hutawa ba ku yi ba. 'Yan kasuwar Sharafiyya, da kuka rufe shaguna a yammacin Alhamis, kun kuwa san abin da yammacin Alhamis yake kawowa. Mutanenmu na Nijar da na Chadi, da harshe ɗaya ya haɗa mu kafin unguwa ɗaya ta haɗa mu. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata da ke bayan labule. Samarinmu haifaffun garin nan, masu ji da Hausa su amsa da Larabci, waɗanda saboda su zan riƙa magana a hankali. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta farko ga Allah take. Bayan ita, ina gode wa duk ƙafar da ta taka matakalar gidana a cikin shekaru huɗun nan, da duk hannun da ya aiko da tuwo, da duk bakin da ya ambaci sunana, Abdulwahid, a cikin sujada. Ina gode wa kafilina Ammi Hamad, ubangidan da takardun zamana a ƙasar nan ke hannunsa, wanda bai sake ni ba a lokacin da hannuna ya saki sitiyarin motarsa. Akwai kuma wadda godiyarta ta fi ƙarfin wannan gaɓa, sai na iso inda aikinta yake.

Na gode Allah mai rabon numfashi,
Shi ne Ya kwantar, Shi kaɗai Ya tashe shi,
Bawan da jiya bai iya ɗaukar kofi ba,
Yau ga shi tsaye jama'a na sauraren shi.

An gaya muku walimar samun lafiya kuka zo, kuma gaskiya ne. Amma shinkafar da ke jira ba ita ce ta sa na tara ku ba. A cikin zauren nan akwai wani ɗan'uwa da nake zaton ciwon da ya ci ni ya fara cinsa. Wata goma ke nan. Ya ƙi zuwa asibiti, kowane wata da ya wuce kuwa yana ƙara wa ciwon gindin zama. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma ina roƙon kada kowa ya waiga yana nemansa. Saboda shi nake tsaye, domin da hannuna a cikin abin da ya same shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗi abubuwa biyar.

Abu na farko, yadda ciwon ya shige ni.

Shekara huɗu kuka yi kuna jin ana cewa sanyi ne ya kama Malam Abdulwahid. Ni na faɗa, ku kuma kuka gaskata ni. To ba sanyi ba ne.

A ijaza, wato babban hutun bazara, na shekarar dubu biyu da biyar, Ammi Hamad ya tafi da mahaifiyarsa kudancin Jamus domin a yi mata aikin gwiwa, ya tafi da ni a matsayin direban gida. Gidan da aka kama yana bakin wani daji. Ku da kuka san Jidda, ku da kuka san gishirin iskarta da baƙin kwaltarta, ku auna zuciyar mutumin da ya tashi a rugar kawunnensa a ƙasar Jahun, ya yi shekara goma sha tara bai taka ɗanyar ciyawa ba, sai ga shi an buɗe masa ƙofa a kan ciyawa har gwiwa, tana sheƙi kamar tsakiyar damina. Na tuɓe takalma, na naɗe wando, na shiga. Kullum in na sauke su a asibiti sai in dawo in shiga, in yi ta tafiya ni kaɗai, in shimfiɗa mayafina a gindin itace in yi azahar. Ban taɓa jin kusanci da gida irin na kwanakin nan ba.

Wata safiya ina alwala na ji wani ɗan abu a bayan gwiwata ta hagu. Na duba, sai ga kaska. Ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Wallahi dariya na yi. Ni da na cire kaska daga kunnen saniya, daga hantsarta, daga gindin wutsiyarta, manya-manya masu ciki kamar gyaɗa, in jera su a kan dutse in murtsuke da diddige! Na sa farce na fizge ta, na hure hannuna, na ci gaba da alwala. Ban gaya wa kowa ba, don a wurinmu ba labari ba ne.

Na kashe manya masu cikin gyaɗa,
Na murtsuke su a kan dutse ina wasa,
Ashe ƙarama ce za ta rama musu,
Ta jira ni shekara talatin a wata ƙasa.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bayan mun dawo, maiɗakina Larai ta ga wani jan zobe a wurin, faɗinsa ya kai tafin hannu, tsakiyarsa ta koɗe. Ta ce, "Malam, mene ne wannan?" Na ce, "Makero ne, shafa min man zaitun." Ta shafa. Bayan makonni zoben ya ɓace, muka ce magani ya ci. Ashe ciki ya koma.

Abu na biyu, yadda na yi jinya da yadda kuka yi dubiya, kuma a nan sai mu yi haƙuri da juna.

Zazzaɓi ya fara zuwa yana tafiya. Wuya ya sandare. Gwiwar hagu ta kumbura, ta saɓe, ta dama ta karɓa. Daga nan kafaɗa, daga nan wuyan hannu, kamar baƙon da ke zaga ɗakunan gida yana neman inda zai zauna. Wata safiya na ɗauki shayi, sai ya zubo ta gefen bakina. Na duba madubi, rabin fuskata ya zube, ido ɗaya ya ƙi rufuwa.

Dattawa suka zo, hukuncinsu ɗaya ne: "Ka kwana a gaban mukayyif." Mu mutanen nan ba mu da ciwon gaɓa sai sanyi, ba mu da sanyi sai na mukayyif. Aka kashe na'urar sanyaya ɗakin. Shekara ɗaya da rabi ba a kunna mukayyif a gidana ba, a Jidda! Larai da 'ya'yana suna jiƙa zane suna lulluɓa, ƙurajen zafi sun feso musu, ba wanda ya yi ƙorafi ko sau ɗaya, wai don kada sanyi ya ƙara taɓa Baba. Aka yi ƙaho, aka sha zuma, aka yi tofi, Allah Ya saka wa duk wanda ya kawo abin da ya sani. Na je asibiti ma, ba sau ɗaya ba. Suka auna zazzaɓin cizon sauro, babu. Suka auna zazzaɓin da ake samu daga ɗanyen nonon raƙumi, babu. Ba laifinsu ba ne. Ba wanda na taɓa gaya wa na shiga daji a Turai, kuma duk likitan da ya tambaye ni yaya jiki, amsata ita ce amsar da aka koya mana tun muna yara: alhamdu lillahi, da sauƙi.

Sai gajiya ta zo. 'Yan'uwa, gajiyar nan ba irin ta wanda ya yini yana dako a tashar jirgin ruwa ba ce, wadda barci ke wanke ta. Gajiya ce da za ka farka da ita kamar an ɗora maka buhun siminti a ƙirji. Bayanta mantuwa ta biyo. Wata rana ina ɗauke da iyalin Ammi Hamad na shiga shataletalen nan mai ƙaton keke, wanda na bi ya fi sau dubu. Na zaga sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu, ban san ta inda ake fita ba. Da na kai su gida na miƙa makulli. Ammi Hamad ya dube ni ya ce, "Halas, ya Abdulwahid, ka huta da tuƙi. Iƙamarka, takardar zamanka, tana nan. Je ka zauna min a ƙofar sito a Mahjar, ranar da ka iya." Allah Ya haskaka masa kabarin iyayensa.

Abin da ya fi tuƙin ciwo a raina shi ne baitoci. Waƙoƙin da na tsara da kaina, waɗanda na rera muku a bukukuwan 'ya'yanku, sai in kama farkon baiti in nemi ƙarshensa in rasa. Na zama kamar mai gidan da aka kwashe masa kaya yana zaune a tsakar ɗaki.

To amma me kuka gani in kun zo dubiya? Da an ƙwanƙwasa ƙofa sai in ce, "Larai, tashe ni." Ta ɗaga ni, ta sa min farar riga mai guga, ta ɗora min hula, ta turara ɗakin. Ku shigo ku tarar da ni a zaune, in zuba muku gahawa da hannuna, in yi muku barkwanci. Haka aka koya mana: ba a tarbar baƙo a kwance, kuma namiji ba ya nishi a gaban maza. Kuna fita in zube, in kwana biyu ban iya zuwa ko banɗaki da ƙafata ba. Abokin wasana Abdulghani Babarbare, ga shi can kusa da taga, ya taɓa dubana ya ce, "Kai Bafillace, wallahi ka fi ni ƙiba. In wannan ne ciwo, a sam min kaɗan in je in zauna a ƙofar sito." Muka yi dariya tare. Ban zarge shi ba, abin da na nuna masa shi ya gani.

Daga nan dubiya ta ragu, ta ƙare. Dubiyarmu ta mako guda ce. An ƙera ta ne don ciwon da ke kashewa da wuri ko ya saki da wuri. Ciwon da ke zama shekaru ba mu tanadar masa komai ba. Maganganu kuma suka fara dawowa kunnena: Malam ya sami kafili mai sauƙin kai ya miƙe ƙafa. Na yafe, tun ba yau ba.

Abu na uku, yadda aka gano shi da yadda na rarrafo.

Bayan wata ashirin aka tura ni wurin wata likita 'yar Sudan wadda ta yi shekaru tana aiki a Turai. Na shiga da farar rigata. Ta dubi tarin takarduna, ta dube ni, ta ce, "Yaya jiki?" Na ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Sai ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Larai.

Ta ce, "Hajiya, shi ya warke. Ke gaya min wa kike jinya."

Larai ta sunkuyar da kai, sannan ta ce, "Likita, kada ki saurare shi. Cokali ma faɗuwa yake daga hannunsa. Jiya ya kira ɗiyarsa da sunan ƙanwarsa."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya dawo daga Jamus. Ya dawo da wani jan zobe a bayan gwiwa."

Na harare ta. Na ce, "Larai!"

Ta ce, "Malam, wata ashirin ina yi maka biyayya kana narkewa. Yau dai bari in yi laifin, in mun koma gida ka yi faɗan."

Likita ta ajiye alƙalami. Ta ce, "A Jamus ka shiga daji?" Na ce na shiga. Ta ce, "Wani abu ya cije ka?" Na ce, "Babu. Sai dai kaska."

Ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Sai dai kaska! Ya hajji, wata ashirin kana ɗauke da amsar a aljihunka!"

Ta ɗebi jini, aka aika da shi waje, bayan kwana goma sakamako ya dawo. Sunan ciwon Laim, sunan wani gari ne a Amurka inda aka fara gane shi. Kaskar dazuzzukan ƙasashen sanyi ce ke ɗauke da ƙwayarsa. Ta ce da na zo tun zoben yana nan, ƙwayoyin magani na mako biyu ko uku sun isa. Da yake na bari ya shiga gaɓoɓi da jijiyoyi, sai aka yi min allura ta jijiya kullum, kwana ashirin da takwas. A ranar da muka koma gida Larai ta kunna mukayyif, ta zauna a gabansa ta yi kuka.

Larai, kina jina daga bayan labule. A gaban limami da dattawa nake faɗa: faɗan da na yi miki alkawari ban yi ba, godiyar da ta kamace ki ma ban yi ba. Ga ta yau.

Na ce yi shiru, ta kau da kai ta faɗa,
Saɓon da ta yi min ya fi biyayya,
Da ta bi ni da yau ina nan kwance,
Allah Ya biya ki ranar sakayya.

Kada wani ya ɗauka allura ta ƙare na miƙe. Kumburi ya sauka, zazzaɓi ya tafi, amma gajiya da ciwon gaɓoɓi da mantuwa suka ƙi tafiya. Likitar ba ta ruɗe ni ba. Ta ce an kori ɓarawo, amma gyaran ɓarnarsa sai a hankali. Wasu su warke sarai, wasu a bar musu saura, kuma su kansu likitoci ba su gama daidaita baki a kan wannan sauran ba. Shekara biyu na yi ina koyon zama da shi, kuma ga abin da na koya.

Na koyi cewa ƙarfin yini kamar ruwan salkar matafiyi ne: in ka shanye da hantsi, la'asar za ta same ka da ƙishi. In yau akwai asibiti, babu kasuwa. In akwai ɗaurin aure, babu sito. Na koyi tafiya daga farko, daga ƙofar gida zuwa turken lantarki na farko, bayan mako zuwa na biyu, bayan wata uku har masallaci. Na koyi sallah a kan kujera a sahun gaba ba tare da na ɓuya a baya ba. Na sayi littafi ina rubuta komai, sunan magani, sunan baƙo, rabin baiti. Na kuma yi wauta: wata rana na ji garau, na tafi umra, na yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafata don in nuna wa kaina na dawo. Kwana tara na yi a kwance. Da na sake komawa sai na hau keken tura marasa ƙarfi, wanda ya tura ni kuwa mutumin Jahun ne, ya san kawunnena. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya sunkuyo ya ce, "Baffa, yi ta addu'arka, ƙafa tawa ce, lada namu ne." Daga ranar na daina jin kunyar a taimake ni.

Abu mafi wuya da na koya shi ne in ce wa mai dubiya, "Yau ba dama, shigo ka same ni a kwance." Sannu ba ta hana zuwa. Wata yamma a bakin teku, ina zaune ina kallon ruwa, wani baiti da ya ɓace min shekara biyu ya dawo da kansa, da kansa da ƙafarsa, bai rasa ko harafi ba. Har yau gwiwar hagu tana gaya min in hadari zai taso, har yau akwai ranakun da nake soke komai in kwanta. Amma na koma tuƙi a cikin gari, ga ni kuma a tsaye.

Ba duk abin da ya tafi ya dawo ba,
Ba duk gwiwar da na sani na samu ba,
Amma Wanda Ya mayar min da rabi,
Bai ba ni don na cancanta ba.

Ku masu dubiya, ku je a mako na farko, amma ku koma a wata na huɗu, ku koma a shekara ta biyu. In kun ga majinyaci tsaf cikin farar riga, kada ku gaskata rigar. Ku tambayi mai wanke ta.

Abu na huɗu shi ne laifina, shi ne kuma mafi nauyi.

Bayan na san sunan ciwona da sanadinsa, na ci gaba da ce muku sanyi ne. Me ya sa? Girman kai. Jikan makiyaya, a ce kaska ta kayar da shi? Na ji tsoron bakin Abdulghani fiye da yadda na ji tsoron allura. Na san abin da zai ce, bari ma in riga shi: Bafillace ya gudu ya bar shanu, kaskarsu ta yi fasfo ta bi shi Jamus. Yi dariyarka, Abdulghani, kana bina bashinta tun shekara biyu, yau na halatta maka. Don gudun wannan dariyar kaɗai na rufe bakina.

A bazarar bara, mutanenmu da dama suka yi shirin bin iyalan kafilansu ƙasashen sanyi, direbobi da masu dafa abinci da mata masu reno. Ɗaya daga cikinsu ya zo gidana sallama, don ya san na taɓa zuwa. Na ba shi aron rigar sanyina. Na gaya masa inda ake samun naman halal, na koya masa yadda zai gane alƙibla, na gargaɗe shi a kan gudu a hanyoyinsu. Har na ce masa, "In ka sami dama ka shiga ciyawarsu, za ka tuna gida." Da bakina na faɗa. Larai tana tsaye a bakin ƙofa. Da ya fita ta ce, "Malam, ba ka gaya masa ba." Na ce, "Ba kowa kaska ke ci ba."

Watanni kaɗan bayan dawowarsa na gan shi yana sauka daga matakalar masallaci a karkace, ƙafa ɗaya tana jiran ɗaya. Na san wannan saukar, ni na ƙirƙiro ta. Na je gidansa sau uku. Sau uku yana tarbata a zaune cikin farar riga, ɗaki na ƙamshin turare, yana riƙe butar gahawa da hannu biyu don kada in ga tana rawa. Na gaya masa gaskiyar da na ɓoye. Na ce, "Ka ga zobe a jikinka?" Ya ajiye butar. Sannan ya ce, "Malam, kai da bakinka ka ce wa duniya naka sanyi ne. Nawa ma sanyi ne." Da na matsa sai ya ce, "Kai kafilinka Ammi Hamad ne. Ni in takardar asibiti ta isa hannun nawa, fita ce ba dawowa. 'Ya'yana a nan aka haife su, ko hanyar garinmu ba su sani ba. In kai su ina?"

Haka na tashi na koma gida. Ni ba likita ba ne, mai yiwuwa abin da ke damunsa wani abu ne daban, kuma ina roƙon Allah Ya sa haka. Amma a wata na goma ni ma ina iya tuƙi, ina iya dariya, ina cewa da sauƙi. Na san abin da ke wata na goma sha biyar. Na san abin da ke na ashirin. Ba na so ya je ya gani.

Abu na biyar, roƙo ne, kashi uku.

Ijaza ta kusa, saura makonni. Duk mai tafiya, namiji ko mace, ya sa takalmi da safa in zai shiga ciyawa, ya duba jikinsa kowace rana, bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne. In ya ga kaska ya cire ta da matsefata a hankali, ya riƙe ranar a ransa. In ya ga jan zobe, ko zazzaɓi ya biyo baya, ya je wurin likita a makon, ya kuma faɗi da bakinsa: na je ƙasa kaza, na shiga daji, kaska ta cije ni. Wannan shi ne na ɗaya.

Na biyu gare ka yake, Alhaji Gwadabe. Tsoron ɗan'uwan nan ba na banza ba ne. Kai ne kafilai ke tashi tsaye in ka shiga majalisarsu. Ina roƙon duk wanda aka samu da ciwon nan, kai da Malam Othman ku riga takardar asibiti isa wurin kafilinsa, ku gaya masa ciwo ne mai magani, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ga Abdulwahid nan ya koma bakin aiki. In ana son shaida ku tafi da ni. Ammi Hamad ma ya ce a kira shi. Alhaji ya ɗaga kai, ya ce ya ɗauka. Kun ji da kunnenku. Allah Ya ƙara girma.

Na uku gare ku yake, ku da kuka yi tafiyar bara. Na koma wurin likitar nan na gaya mata komai. Ta ce ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe za ta ga duk wanda na kawo, ta yi masa tambayoyi, wanda ya kamata a ɗebi jininsa a ɗeba. Mutum ɗaya in ya tafi shi kaɗai, unguwa za ta nuna shi da baki. In ku duka kuka tafi, ba wanda zai san don wa aka je. Mafi yawanku lafiyarku ƙalau, na sani. Safiya ɗaya nake roƙo, ku zama inuwar da ɗan'uwanku zai shiga ba a gan shi ba. Abdulghani, bas ɗinka muke so, shi ne kuɗin dariyar da ka yi. Ya ce yalla, ya yarda, ƙarfe bakwai a ƙofar masallacin Nuzla.

To, duk wanda ya bi iyalin kafilinsa ƙasashen sanyi a bazarar bara, kuma zai shiga bas ɗin nan, ya ɗaga hannu. Larai, ki duba mana na wajenku.

Ɗaya. Biyu, uku. Huɗu can baya. Biyar. Ba gaggawa, 'yan'uwa, magariba da saura. Ina jira.

Shida. Bakwai.

An ce mata uku daga bayan labule. Goma ke nan. Ku sauke hannuwanku, Allah Ya yi muku albarka. Ba zan ce ko wanne ne ba, har abada ba zan ce ba. Amma hannun da na tara ku dominsa yana cikinsu. Ɗan'uwana, ka yafe min.

Ya Allah, Kai ne mai warkarwa, babu waraka sai taKa. Ka sa a dace a safiyar Asabar. Wanda ke ɗauke da ciwon da ake gani, Ka ba shi lafiya; wanda ke ɗauke da wanda ba a gani, Ka ba shi lafiya, Ka kuma ba shi wanda zai gaskata shi. Ka saka wa masu jinya, waɗanda ba a zuwa dubiyarsu. Ka tausasa zukatan waɗanda takardunmu ke hannunsu. Ka kiyaye matafiyanmu a tafiya da dawowa. Ka jiƙan iyayenmu da ke kwance a gida da waɗanda ke kwance a ƙasar nan. Ka shirya mana 'ya'yanmu, Ka zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ka zaunar da ƙasar da ta sauke mu lafiya. Ka mayar da kowa gidansa cikin aminci, Ka sa mu cika da kalmar shahada.

Alhaji, na gama, a ba ni kujera. Na gode.